Sharhi: Galmi ta samu kwalta, ƙauyukan bayanta fa?

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya taɓa bin hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Yamai zuwa Maraɗi ya san Galmi, ko da ta warin albasa ne. Garin yana tsakanin Birnin Ƙwanni da Madawa, kusan kilomita 500 gabas da babban birni, cikin gundumar Dogarawa ta jihar Tawa. A takardun hukuma ƙauye ne, tun da ba shi ne mazaunin gundumar ba. Amma ƙidayar 2012 ta iske mutanensa sun haura dubu goma, sunansa kuwa albasa ta kai shi har kasuwannin Akra da Abijan da Kwatano.

Me ya ɗaukaka Galmi? Akwai albarkar ƙasa da ƙwazon manoma, akwai madatsar ruwa ta noman rani, akwai asibitin da mishan na SIM suka buɗe a 1950. Sai dai duk waɗannan da ba su yi amo haka ba in ba don kwalta ta ratsa garin ba. Ita ke kawo manyan motoci bakin kasuwa, ita ke kawo majiyyata daga nesa, ita ta sa baƙo ya zo cin rani ya kafa gida.

To, albasar da ake kira ta Galmi ba Galmi kaɗai ke noma ta ba. Da yawanta daga ƙauyukan da ke nesa da kwalta take fitowa, bisa jakuna da amalanke. Manomi ya cire albasarsa da rani, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi. In ya daure ya adana ta cikin rudu yana jiran ta yi daraja, sai damina ta sauka, koramu su yanke hanya. Daga nan sai dillali ya yanka masa farashin da ya ga dama, ko kaya su ruɓe yana kallo. Wannan hanya ce kuma mace mai naƙuda ke bi zuwa asibiti. Shin wannan adalci ne ga mutanen da guminsu ke shigo wa ƙasa da kuɗi?

Hukuma ba ta iya gyara abin da ba ta san girmansa ba. A 1977 an ƙidaya ƴan Nijar miliyan 5 da ɗoriya, a 1988 miliyan 7, a 2001 miliyan 11, a 2012 miliyan 17. Ƙaruwar kashi 3,9 cikin ɗari da aka samu kowace shekara tana nufin jama'a na ninkawa cikin shekara 18 ko kusa da haka. Wanda ya tsara hanya ko rijiya ko makaranta da alƙaluman 2012, ya ɗinka wa saurayi rigar yaye.

Talakawa ma da nasu laifin. Tun zamanin Nasara aka koyi ɓoye kawuna don tsoron haraji, alhali ƙauyen da ya rage yawansa a takarda ya rage rabonsa da hannunsa. Wajibi ne masu gari da malamai su faɗakar da jama'a a kan haka.

Kiranmu ga mahukunta a fili yake. A sabunta lissafin mutanen kowane ƙauye, a buga shi kowa ya gani. A fifita hanyoyin burji masu haɗa gonaki da kwalta, a gina gadoji bisa koramu. A kuma bayyana wa ƴan kasuwa inda kuɗin da suke biya a shingayen hanya ke tafiya. Mai biya yana da haƙƙin tambaya, kuma wannan jarida ba za ta daina tambaya ba.