Baƙo a Zaure, Saƙo a Cikin Gida: Hausa da Ilimin Auna Lantarki

Farantan sola sun mamaye rufin gidaje da asibitoci da masallatai a ƙasar Hausa, kuma akasarin matasan da ke haɗa su da Hausa suka koyi sana'ar a bakin iyayen gidansu. Faranti guda yakan ba da kimanin bolt 40. Idan aka jera 15 a layi ɗaya, an kai bolt 600 ke nan. Wannan lantarki ne mai gudu ta fuska guda, wanda masu sana'ar ke kira Di-Si. Wutar gida takan sauka zuwa sifili sau 100 a daƙiƙa, abin da ke taimaka wa tartsatsinta ya mutu. Di-Si kuwa ba ta da wannan numfasawa, in ta kama ba ta saurin saki. A ra'ayina, bayyana yadda ake auna irin wannan wuta ba tare da asarar rai ba nauyi ne da ya hau kan manazarta Hausa, kamar yadda ya hau kan injiniyoyi.

Bari mu gwada harshen a kan aikin kansa. Matakin farko shi ne rage ƙarfin turin wutar. Akan jera rezista shida masu om 500,000 kowace, a ɗora su a kan wata mai om 10,000. Daga bolt 600, abin da zai bayyana a kan ta ƙarshen bai wuce bolt 2 ba, kuma kowace daga cikin shidan bolt 100 kawai take ɗauka. A nan ne mai koyo yakan ruɗu, ya ɗauka tunda wuta ta ragu haɗari ya kau. Alhali har yanzu waya guda ce ta haɗa farantan da kwamfutar da ke karanta awon, da kuma hannun mai taɓa ta.

Mataki na biyu shi ne keɓewa: a gina shinge wanda labarin awo zai ƙetare, amma wutar ba za ta bi shi ba. Bahaushe ya san wannan tsari, domin baƙo yakan tsaya a zaure, yaro ya shigar da saƙonsa cikin gida. Taransfoma ita kaɗai ba za ta zama ɗan aiken ba, saboda kamar yadda Michael Faraday ya gano a 1831, sai maganaɗisu yana sauyawa yake haifar da lantarki a ɗaya naɗin wayar, Di-Si kuwa ba ta sauyawa. Don haka akan aika saƙon ta hanyar haske, kamar a na'urar IL300, ko a mayar da shi lambobi a tsallakar da su ta wani siririn shinge, kamar a AMC1311, wadda ke karɓar awo har zuwa bolt 2.

Sauran matakai biyu su ne aka fi yin sakaci da su. Ɓangaren da ke manne da farantan yana buƙatar tasa keɓaɓɓiyar wutar aiki. In aka ciyar da ɓangarorin biyu daga tushe guda ba tare da shinge ba, an gina katanga an kuma fasa mata ƙofa. Sannan dole a bar tazara tsakaninsu a kan allon da'irar, bisa ƙa'idar IEC 60664, domin ƙurar hunturu in ta gamu da laimar damina takan shimfiɗa wa wuta hanya.

Yanzu a dubi giɓin da ke gabanmu. Kalmar wuta ita kaɗai muke ɗora wa ƙarfin turi da yawan kwarara da kuma makamashi. Haka nan ba mu daidaita bambanci tsakanin kashe wuta da rufe waya da keɓe da'ira ba, alhali a wannan aiki bambancin na iya zama tsakanin rai da mutuwa. Wasu za su ce kalmomin Ingilishi sun wadatar. Aron kalma ba aibu ba ne, ga batir da mita sun zauna daram. Sai dai aro suna yake kawowa, ba ya kawo dalili. Yaron da ya haddace sunan na'ura bai san abin da zai faru in ya haɗe wayoyin ɓangarorin biyu ba.

Muna da abin koyi. Kamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya ba nazarin harshe da adabi kayan aiki, har muke rubuta kundayen digiri da Hausa. Lokaci ya yi da sassan Hausa za su zauna da sassan injiniyan lantarki da masu sana'ar sola, a tattara kalmomin da ke bakinsu, a tace, a gwada kowace a kan aiki na zahiri irin wannan. Kalmar da mai koyo ya ji ya janye hannunsa daga inda bai kamata ba, ita ce ta cancanci shiga ƙamus.