Allurar man boksi ba ado ba ce

A tashar Managil da wuya ka leƙa gaban tsohuwar boksi, irin Hilux ɗin nan da mutanen Kano ke kira a-kori-kura, ka tarar allurar mai tana motsi. Ko dai ta kwanta ƙasa, ko ta maƙale a sama tun bara. In ka yi magana direba ya ce maka, "Allura ba ta tuƙa mota." Lissafin galan yana kansa, in ya yi shakka ya ƙwanƙwasa tanki ya saurara. Ni da nake hayar boksi ina kai gyaɗa da albasa kasuwa, ban yarda da wannan magana ba.

Ƙasarmu ba ta ɗaukar kintace. Tun da aka faɗaɗa aikin noman Jazira zuwa Managil a ƙarshen shekarun 1950, ƙauyukanmu da kambo-kambo, wato sansanonin masu aikin gona, suka warwatsu a bakin magudanan ruwa, hanyoyin kuma baƙar laka ce, da damina sai ta riƙe taya injin ya yi ta shan mai a wuri ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara tsananta abin. Daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025 birnin Wad Madani ba ya shiguwa, mai ya koma na jarka, da tsada da datti. Motar da ta ƙafe a tsakanin ƙauyuka ba kaya kaɗai take ɗauke da su ba, wani lokaci mai naƙuda ce a baya. In kuwa injin dizal ne, ko an zuba mai ba zai tashi ba sai an fitar da iskar da ya shaƙa.

Abin haushi, gyaran ba wani sirri ba ne. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mai iyo a kan mai, an haɗa shi da siririn hannun ƙarfe. In mai ya sauka sai hannun ya goga a kan wata naɗaɗɗiyar waya, ƙarfin wutar da ke zuwa ga allura ya canza. Wuraren da ciwon ke ɓuya huɗu ne: fiyus, wayar da ta taso daga tanki, wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen motar don wuta ta koma, sai abin cikin tankin kansa.

Usta, wato bakanike, in ya san aikinsa daga fiyus yake farawa. In allurar mai da ta zafin inji sun mutu tare, ba ruwan tanki, matsalar tana gaban mota. In ta mai ce kaɗai, sai ya cire wayar da ke kan tanki, ya murɗa makulli, ya taɓa wayar a jikin ƙarfe na ɗan ƙiftawar ido. A tsohuwar Toyota, in allura ta haura sama to ita da wayarta lafiya lau, ciwon yana tanki: ko mai iyon ya huje ya nutse, ko naɗaɗɗiyar wayar ta cinye. Sau da yawa ma tsatsa da laka ne suka ci wurin ɗaurin, a kankare a ƙara ɗaurewa, shi ke nan. Mita ma ba ta ƙarya: lafiyayyen batir a huce yana nuna kusan volt 12.6, in inji na aiki kuma dinamo na caji ya kai wajen 14.

Za a ce kayan gyara sun yi tsada, kuɗin hannu na mai ne da taya. Gaskiya ne, shi ya sa ma ya kamata a auna kafin a saya. Na taɓa ganin an sa mai mota ya sayi sabon abin tanki, aka ɗaura, allura ba ta ko motsa ba, ashe waya ce ɓera ya gutsure a ƙarƙashin kwano.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fiyus. In ya ƙone sai a naɗe shi da takardar kwalin sigari mai ƙyalli, ko a cusa silin waya. Fiyus an yi shi ne don ya ƙone a madadin mota. Wanda ya toshe bakinsa bai kashe wutar ba, ya tura ta cikin wayoyi ne, ga jarkar banzin a ɗaure bayan kujera, ga yara zaune a kan buhuna.

Don haka, ya usta, ka ɗauki mita kafin ka ce a sayo wani abu, kada kuma ka buɗe tanki kusa da sigari ko tartsatsi. Mai mota, ka ajiye fiyus na ƙwarai a aljihun gaba, ka sa a duba wayoyin kafin ruwan fari. Mu masu haya kuwa mu riƙa tambaya kafin a yi lodi, in allura ba ta aiki mu nemi wata motar.