Warin Funfuna a Akwatin Baba

A ƙarshen watan Satumba, bayan marka ta ɗauke, na tashi daga Birnin Kebbi na nufi Argungu domin gaida goggona. Ita kaɗai ta rage a tsohon gidanmu, kuma a ɗakinta aka ajiye akwatin ƙarfen mahaifina tun bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Muna cikin hira sai ta ce, "Ɗan nan, ka zo ka kwashe kayan ubanka, warinsu ya ishe ni. Na yi musu turaren wuta har na gaji." Ina ɗaga murfin sai wani wari ya bugi hancina, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ya cakuɗe da ƙamshin turaren Goggo. A can ƙasan takardu na tarar da albam biyu na kan sarki, waɗanda marigayin ya shafe shekara da shekaru yana tarawa a zamanin da yake aikin akawu.

Watakila wasu daga cikin ɗalibanmu na yau ba su taɓa lasar kan sarki sun liƙa a ambulan ba. Wannan 'yar takarda ita ce shaidar an biya kuɗin aika wasiƙa, kuma Bahaushe ya raɗa mata suna ne saboda hoton kan sarkin Ingila da ya gani a jikinta. A Ingila aka fara buga ta a 1840. Jihar Arewa ta sami nata a 1900, har zuwa 1914 da Turawa suka haɗe Kudu da Arewa. A cikin albam ɗin Baba akwai na 1953 masu hoton gyaɗa da mahayan Barno, akwai na samun 'yancin kai a 1960, sannan akwai jerin 1973, shekarar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Cikin wannan jerin, na kwabo 30 hoton bikin kamun kifi na Argungu ne a jikinsa, bikin da aka faro a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin. Baba ya ware masa shafi guda, ya rubuta "garinmu" a ƙarƙashinsa da alƙalaminsa. Wannan shafin ne funfuna ta fi ci.

Abin da na koya cikin watannin da suka biyo baya shi ne, warin nan alama ce kawai, cutar tana can ƙarƙashi. Funfuna abu ce mai rai. Ƙwayoyinta suna yawo a iska kullum, suna jiran laima, kuma masu kula da tsofaffin takardu sun ce da zarar danshin iska ya haura kashi 65 cikin ɗari ya daɗe a haka, sai ta tsiro. Abincinta takarda ne da ƙaron da ke bayan kan sarki. Mu da muke zaune a bakin fadamar gulbin Rima mun san yadda bango yake jiƙewa a watan Agusta, har gishiri ya narke a kwano. Akwatin ƙarfe da aka dire a ƙasa, aka jingina da bango, aka rufe ruf, kamar gona ce aka share wa funfuna. Turaren Goggo bai kashe komai ba, sai dai ya ɓoye warin, hayaƙinsa kuma ya ƙara wa takardun dauɗa.

Wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi ritaya daga aikin gidan waya, shi ya hana ni yin gyaran gangar Auzinawa. Niyyata ita ce in baza komai a rana kamar shanyar shinkafa. Ya ce, "Malam, kada ka kuskura. Rana za ta kashe launin, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa. Ka jira hunturu, shi ne likitanka." Na bi shawararsa, na haɗa da abin da na karanta, ga kuma yadda na yi.

Da farko busarwa. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, na fito da albam ɗin baranda, cikin inuwa, na tsayar da su a buɗe kamar an buɗe littafi a tsaye, na yafa musu farin ƙyalle mara kauri saboda ƙura. Funfunar da ke da rai tana da danshi, idan aka shafa ta sai ta dame ta shige cikin takarda. Wadda ta bushe kuwa gari take zama. Sai da na ga ta koma gari, bayan kwana biyar, sannan na sa takunkumi a hanci na riƙa share ta da burushi mai laushi, a waje, ina kaɗawa nesa da jikina. Mai ciwon asma kada ya yi wannan aiki da kansa.

Na biyu rabawa. Na gane cewa yawancin warin a shafukan albam yake, ba a jikin kan sarkin ba. Na ɗauki hoton kowane shafi da waya, sannan na cire kan sarkin ɗaya bayan ɗaya da matsefata mara kaifi, domin maiƙon yatsa ma yana ɓata su. Shafukan da suka ruɓe na zubar, masu rubutun Baba na ware su daban. Waɗanda aka riga aka yi amfani da su, masu hatimin gidan waya, ana iya jiƙa su na ɗan lokaci a ruwan sanyi mai tsabta, a busar da su tsakanin farar takarda, a danne da littafi mai nauyi. Amma sababbi masu ƙaro a bayansu ba sa shiri da ruwa ko kaɗan, haka ma tsofaffin zamanin Turawa na farko, domin tawadar wasunsu zuba take yi. Wanda yake manne a ambulan ɗinsa kuma a bar shi a nan, don hatimin da ke nuna gari da kwanan wata yakan fi kan sarkin daraja.

Na uku cire warin. Na sami bokitin roba mai murfi, na ƙulle busasshen gawayi a tsumma na ajiye a ƙasa, na ɗora rariya a kai, na jera takardun bisa rariyar yadda ba za su taɓa gawayin ba, na rufe. Gawayi yana zuƙe wari, haka ma bekin soda da mata suke sawa a kek, idan aka zuba ta a kwano. Duk mako nakan canza gawayin. Sai a mako na huɗu hancina ya daina jin komai. Sharaɗin shi ne takardun su bushe sarai kafin a rufe su, in ba haka ba an koma gidan jiya. Turare, fiya-fiya, bilic da dutsen guga, duk a nisanta su. Jajayen ɗige-ɗigen da funfuna ta bari a kan na kwabo 30 ɗin nan kuwa sun zauna ke nan, na haƙura da su.

Yanzu sabon albam yana tsaye a kan kanta, nesa da ƙasa da bangon waje, tare da 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Na ɗaura niyyar buɗe shi ya sha iska duk hunturu.

Ba don kan sarki kaɗai na kawo wannan labari ba. A gidajenmu na Kabi da Gwandu akwai akwatuna irin na Baba ba adadi, cike da wasiƙun ajami, takardun gonaki, hotunan aure da littattafan malamai rubutun hannu. Mukan ji tsoron gobara da ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa, mu manta da laimar da take ɓarna a hankali duk damina, ba ihu ba kururuwa. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ba zai iya ɗaukar tarihin kowane gida ba, wannan amana a wuyanmu take. Hunturun bana, mai karatu, ka je ka ɗaga murfin akwatin gidanku. Idan wari ya tare ka, kada ka nemi kasko da turare, ka nemi inuwa da gawayi, ka kuma yi haƙuri da aikin.

Da na kai wa Goggo albam ɗin ta gani, ta daɗe tana kallon rubutun ƙaninta, sannan ta kai shi hanci ta sunsuna. Ta ce, "To, yanzu kam ka kyauta."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.