Gini a Filin Aro: Abin da Rikicin Unity Ya Koya wa Masu Ƙera Wasanni

Ranar 12 ga Satumban 2023, kamfanin Unity da ke San Francisco a Amurka ya fitar da wata sanarwa da ta hana dubban masu ƙera wasannin kwamfuta barci. Unity ne mamallakin ɗaya daga cikin manyan injinan wasa na duniya. Injin wasa shi ne manhajar da ake ɗora ginin wasa a kanta: ita ke zana hotuna a allo, ita ke lissafin yadda abu zai faɗi ko ya yi karo da wani, ita ke fitar da sauti, ta kuma shirya wasan yadda zai yi aiki a waya da kwamfuta da na'urori irin su PlayStation. Subway Surfers da Among Us da Pokémon Go duk a kan Unity aka gina su.

Sanarwar ta ce daga 1 ga Janairun 2024, duk ƙaramin mai ƙira da wasansa ya kawo dala 200,000 cikin wata 12, aka kuma sauke shi sau 200,000, zai fara biyan kamfanin kuɗin da ka iya kaiwa senti 20 a kan kowace sabuwar saukewa. Wasannin da suka daɗe a kasuwa ma ba a keɓe su ba. Kamfanin ne kuma zai ƙirga yawan saukewar da kansa, ta hanyar da bai bayyana ba. Ga mai wasan waya na kyauta, wanda ɗan abin da yake samu daga tallace-tallace ne, wannan lissafi na iya cinye ribar gaba ɗaya.

Hayaniyar da ta biyo baya ta tilasta wa Unity neman afuwa da sassauta tsarin cikin kwana goma. A watan Oktoba shugaban kamfanin, John Riccitiello, ya sauka. Bayan shekara guda, a Satumban 2024, magajinsa Matt Bromberg ya soke harajin ɗungurungum. Mai kallo daga nesa zai ce magana ta ƙare, kasuwa ta hukunta mai haɗama. Sai dai abin da ya firgita masu ƙira yana nan yadda yake. Sun wayi gari sun gane cewa aikin shekara uku ko biyar da suka yi yana zaune ne a kan filin da mai shi ke da ikon sauya kuɗin haya bayan an gama rufi. Wannan karon ya janye don an yi masa ca, amma ikon bai bar hannunsa ba.

A nan ne amfanin buɗaɗɗiyar manhaja yake, kuma an daɗe ana yi mata gurguwar fahimta. Da yawa sun ɗauka darajarta ita ce ba a biyan kuɗi. Babbar darajarta ita ce izinin da aka bayar ba ya karɓuwa.

Mene ne buɗewar?

Kowace manhaja tana da rubutun tushe, wato umarnin da masu shirya ta suka rubuta da harshen da ɗan Adam zai iya karantawa ya gyara, kafin a juya shi zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa. Yawancin kamfanoni suna sayar da juyayyen, su kulle tushen. Tun 1983 Richard Stallman ya fara shirin GNU don yaƙar wannan al'ada, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da manhaja, da nazarinta, da gyara ta, da raba ta, bisa sharaɗin cewa wanda ya raba gyararriya shi ma zai saki tushenta. Akwai lasisi masu sassauci fiye da haka, irin na MIT, wanda kusan abin da yake nema kawai shi ne a bar sunan masu aikin farko da rubutun lasisin a jiki.

Ganin tushe kaɗai ba ya mai da manhaja buɗaɗɗiya. Kamfanin Epic Games yana barin masu ƙira su karanta tushen injinsa na Unreal, har su gyara, amma yana karɓar kashi 5 cikin 100 na kuɗin da wasa ya kawo bayan ya haura dala miliyan ɗaya, kuma shi ke tsara sharuɗɗan. An bar ɗan haya ya leƙa ko'ina a gidan, takardar fili kuwa tana aljihun mai gida.

Godot daban ne. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka ƙirƙire shi don ayyukansu, suka sake shi ga duniya a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT. Babu kuɗin wata, babu kaso a cikin ciniki. Ko da gidauniyar da ke kula da shi a ƙasar Holan za ta rushe gobe, ko shugabanninta su sauya hali, kwafin da ke hannun mutane yana nan da izininsa, kuma kowace ƙungiya na iya ɗaukarsa ta ci gaba da aikin da wani suna. Shi ya sa a makonnin rikicin Unity idanu suka koma kansa. Kamfanin Re-Logic, mai wasan Terraria, ya ba Godot gudunmawar dala 100,000 tare da alkawarin dala 1,000 duk wata, ko da yake shi kansa ba da Unity ya gina shahararren wasan nasa ba. Mega Crit kuwa, masu Slay the Spire, sun kwashe aikin kashi na biyu na wasan daga Unity suka mayar kan Godot, bayan sun riga sun yi nisa.

Wasanni biyu, ƙarshe biyu

Abin da ya shafi mai ƙira ya shafi mai wasa. A Disamban 1993 kamfanin id Software ya fitar da Doom. Bayan shekara huɗu, a Disamban 1997, John Carmack ya saki tushen injin wasan, a 1999 kuma aka mayar da shi ƙarƙashin GPL. Kamfanin bai yi kyauta da wasan ba: hotuna da sauti da taswirorin matakai sun ci gaba da zama mallakarsa, har yau kuma ana sayar da su. Injin kawai aka saki. Sakamakon haka, wasan da aka rubuta don kwamfutocin zamanin MS-DOS yana aiki yau a kan kusan duk abin da ke da allo. An kunna shi a na'urar buga takardu, da kyamara, da na'urar cirar kuɗi, har da allon tarakta ta John Deere a 2022. Masu sha'awa suna ta gina sababbin matakai fiye da shekara 30 bayan fitowarsa, kuma matasa masu yawa a cikinsa suka fara ganin yadda ake rubuta injin wasa.

A ɗaya gefen akwai The Crew, wasan tseren motoci da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a 2014. An tsara shi ne yadda ba zai tashi ba sai ya gaisa da manyan kwamfutocin kamfanin ta intanet, ko da mutum shi kaɗai zai yi wasansa. A ƙarshen Maris na 2024 Ubisoft ya kashe waɗannan kwamfutoci. Wanda ya sayi faifan da kuɗinsa ya koma riƙe da robar da ba ta da amfani. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games da Ross Scott ya fara a Afrilun shekarar, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. Masu gangamin ba su ce lallai a saki tushe ba. Buƙatarsu ita ce kamfanin da zai janye hannunsa ya bar wasan a yanayin da zai iya aiki.

Lamarin ya wuce wasa ɗaya. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Dara ta kai wannan zamani ne saboda ƙa'idojinta suna kan mutane, ramukanta kuma ana tona su a kowace inuwa. Wasan da ƙa'idojinsa ke kulle a ɗakin kamfani guda, ransa bai wuce tsawon sha'awar kamfanin ba.

Abin da masu suka ke faɗa

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, Godot bai kamo Unreal ba wajen manyan wasanni masu hotuna kamar na fim, kuma kasuwar kayan haɗi da darussa da guraben aiki ta Unity ta fi tasa faɗi. Matashin da ke neman aiki a kamfanin wasanni yana da dalilin koyon abin da kamfanoni ke nema. Na biyu, Sony da Nintendo da Microsoft suna kulle kayan aikin na'urorinsu da yarjejeniyar sirri, don haka buɗaɗɗen inji ba zai iya ɗauke da su a fili ba. Mai son kai wasan Godot kan waɗannan na'urori sai ya bi ta wani kamfani, irin W4 Games da su Linietsky suka kafa, ya kuma biya.

Na uku ya fi nauyi: wa ke ciyar da masu aikin? A Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano wata ɓoyayyar ƙofa da aka dasa a XZ Utils, ƙaramar manhajar matse fayil da tsarin Linux ya dogara da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana neman yardar mai kula da manhajar, mutum guda da ke aikin sa-kai, wanda gajiya ta riga ta cim masa. Saura ƙiris ƙofar ta isa kwamfutoci marasa adadi. Buɗewar tushen ce ta ba da damar bin sawun abin da aka yi, amma sakacin masu cin moriya ne ya bar mutum ɗaya da jinkar da hannu ɗaya ba ya ɗauka.

Wannan suka gaskiya ce, sai dai inda take nuni shi ne a biya. Tarihin Blender, manhajar zane da motsa hotuna, ya nuna yadda ake yi. Da kamfanin da ya mallake ta ya durƙushe a 2002, Ton Roosendaal ya nemi taimakon masu amfani da ita, aka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai aka fanshi tushen daga masu zuba jari, aka sake shi ƙarƙashin GPL. Tun daga nan gudunmawar jama'a da ta kamfanoni ke biyan ma'aikatanta albashi. A Maris na 2025, Flow, fim ɗin zane daga ƙasar Latbiya da aka yi da Blender, ya ci kyautar Oscar. Kamfanin Valve ma, da ya so wasannin Windows su yi aiki a na'urarsa ta Steam Deck mai tsarin Linux, wadda ta fito a 2022, kuɗi ya zuba a ayyukan da ke kewaye da Wine, buɗaɗɗiyar manhajar da aka fara tun 1993. Ya yi don ribarsa, amma abin da aka gina ya zama na kowa.

Inda abin ya taɓo gida

Ga mai ƙira a Kano ko Kaduna, akwai ƙarin dalili. Lasisin manhaja da dala ake yanka shi. A farkon Yunin 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Duk wanda ya tsara kasafinsa a kan kuɗin wata na wata manhaja ya ga nauyin ya ninka uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Godot kuwa ƙarami ne wajen saukewa, ba ya neman rajista, yana tashi a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, har akwai nau'insa na wayar Android. Tun da tushen a buɗe yake, mai son ganin maɓallansa da bayanansa da Hausa ba ya buƙatar jiran wani ofishi a San Francisco ya ga riba a cikin hakan. Abin da ake nema mutane ne da za su zauna su yi.

Wannan ba ya nufin kowa ya watsar da Unity ko Unreal. Wani aikin su ne suka fi dacewa da shi, kuma haya ba laifi ba ce ga wanda ya san haya yake yi. Abin da ya kamata ya sauya shi ne tambayar farko da ake yi kafin a aza tubali. An saba tambayar wane inji ya fi kyawun hoto, wanne ya fi sauƙin koyo. Ya kamata a gabatar da wata: idan mai wannan inji ya sauya magana bayan shekara uku, me zai rage a hannun mai aiki? Malaman jami'o'i da cibiyoyin horo da ke zaɓar abin da za su koyar, su ma tambayar ta hau kansu, domin ɗalibin da ya iya maɓallan kamfani ɗaya kawai ya koyi zama ɗan haya ne, wanda ya karanta cikin inji kuwa ya koyi gini.

Akwai haƙƙi biyu da suka rage. Kamfanin da ya gama cin kasuwar wasa, ya yanke shawarar kashe kwamfutocinsa, ya dace ya bi sawun id Software: ya riƙe hotunansa da sunansa, ya saki abin da zai bar wasan da rai a hannun waɗanda suka saya. Wanda kuma ya ci riba da Godot ko Blender, ya dace ya mayar da wani abu, kuɗi ne ko gyaran kuskure ko fassara ko rubuta darasi. Rijiyar unguwa ba ta da mai karɓar kuɗi a bakinta, amma idan babu masu yasa, wata rana guga zai dawo da laka.