Kuɗin Wankin Doki Ba Na Sabulu Kaɗai Ba Ne

A makon jiya hira ta kai mu ga wata sana'a da ake yi a Abuja da Legas: mutum ya buɗe shago, aikinsa wanke karnuka, taje musu gashi da yanke musu farce, kuma a biya shi kuɗi mai kauri. Da yawanmu muka yi dariya, muka ce wanka kawai? Amma da muka waiwaya gida Taura, sai muka ga muna da irin wannan sana'ar tun kaka da kakanni. Mu dai a jikin doki muke yin ta.

Ranar hawan Sallah a Ringim ko Dutse, muna kallon doki yana ƙyalli, gezarsa a taje, mu yaba wa mahayi. Ba mu cika tuna yaron barga ba. Shi ne ke tashi da asuba ya kwashe kashi daga turke, ya kawo harawa da dusa da kanwa, ya ɗebo ruwa. A lokacin zafi doki ɗaya kan sha lita 25 zuwa 50 a yini, wato jarka ɗaya zuwa biyu, ban da ruwan wanka. Sannan ya goge jikin, ya duba kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya, ya ɗaga ƙafafu huɗu ɗaya bayan ɗaya ya ƙwaƙule datti daga kofato. Shi kansa kofaton yana son gyara duk bayan mako 6 zuwa 8. Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙyallin ranar Sallah aikin watanni ne. Saboda nauyin aikin nan ne ma a fadojin ƙasar Hausa aka ware sarauta guda, Shamaki, don kula da bargar sarki.

To me ake biya? Na farko kayan aiki: sabulu, buroshi, maganin kaska da ruwa. Na biyu lokaci. Na uku haɗari, domin doki yana harbi, kare yana cizo. Mai wanke kare da ya san aikinsa yakan fara tambaya ko an yi wa karen allurar rigakafin haukan kare, don cutar tana kisa da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum. Na huɗu, wanda ya fi tsada, shi ne sani. Wanda ya zurfafa wajen yanke farcen kare zai fitar da jini. Wanda ya bar ciwon bayan doki bai lura ba, aka ɗora sirdi a kai, ya nakasa dabbar da aka zuba dukiya a kanta.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Da yawanmu idan babbar Sallah ta gabato mukan je kasuwar Gujungu ko cikin unguwa mu wanke raguna, mu sami na littafi. Sau nawa muka karɓi abin da bai ma maido kuɗin sabulu da ruwa ba, don kunya ta hana mu faɗin farashi? Wanda bai iya lissafin guminsa ba, kullum yana aiki, kullum aljihu wayam. Haka kuma idan mu ne masu biya, kada mu taya aikin wani kamar muna masa alfarma.

Sana'ar kuma tana da gaba. Wanda ya riƙe darasin noma da na kimiyyar halittu da kyau zai iya karanta kiwon lafiyar dabbobi, ko ma ya zama likitan dabbobi, kamar yadda ake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya sami mai kula da doki ko mai kiwon rago a unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya nemi izinin tsayawa ya kalli aikinsa na safiya ɗaya. A rubuta kayan da ya yi amfani da su, kuɗin kowanne, da mintocin da ya ɗauka. Sannan a amsa tambaya ɗaya: da kai ne, nawa za ka ce a biya ka? Ku aiko mana da amsoshinku, za mu buga waɗanda suka fi tsari. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.