Faci Ma Ilmi Ne

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun ilmin kwamfuta, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wadda muke ganin lokaci ya yi da za a baje ta a faifai. Sau da yawa ɗalibi kan kwana yana rubuta shiri, ya tabbata babu kuskure a aikinsa, amma da ya miƙa wa na'ura sai ta ƙi karɓa, tana kukan wani layi a cikin fayil ɗin da bai taɓa buɗewa ba. Daga nan sai gwiwa ta yi sanyi, a ce kwamfuta ta lalace.

Alhali kuwa lafiyarta lau. Kwamfuta ba ta jin harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a 1972, sai ta bakin tafinta, watau abin da masana ke kira kompaila. Shi kuma tafintan, kafin ya fassara, sai ya karanta waɗansu fayiloli na uwar manhajar na'ura, waɗanda ake kira heda, inda aka jera sunayen ayyuka da abin da kowane yake karɓa. To, mai rubuta heda daban, maƙerin tafinta daban, kuma ba lalle ne su yi zamani ɗaya ba. In suka saɓa, a kan ɗalibi abin yake ƙarewa.

Wannan ciwo ya kama manya ma. Fayil ɗin windows.h na kamfanin Microsoft ya riga ya kama sunayen min da max, waɗanda harshen C++ ke da nasa, har sai mutum ya ayyana NOMINMAX kafin ya kira fayil ɗin sa'an nan a zauna lafiya. Tafintan GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, yana tafe da wani ɗan shiri mai suna fixincludes, aikinsa ke nan ya kwafi hedar da ta saɓa, ya gyara kwafin, ya bar na asali yadda yake. Daɗin daɗawa, GCC 14 na 2024 ya daina yafe kiran aikin da ba a ayyana ba, sa'an nan GCC 15 na 2025 ya koma bin ƙa'idar C23, inda bool ta zama kalmar harshe, tsofaffin shirye-shirye da yawa suka ƙi fassaruwa.

Wani zai ce ai magani a fili yake, a sauko da sabon tafinta daga intanet. Mai faɗin haka bai san ƙasarmu ba. A watan Satumba na 1921 ba a san intanet ba, amma a watan Satumba na 2021 mun san ta, kuma a watan ne aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, cikinsu har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kwashe watanni a haka. Ɗan'uwanmu da ya koma gida hutu daga Dutsin-ma ko Katsina ko Zariya, da kwamfutarsa ta gwanjo da aikin kammala digiri a gabansa, daga ina zai sauko da wani abu? Abin da ke cikin na'urarsa da abin da ke cikin kansa su ne jarinsa. Ko yau da layi ya dawo, kuɗin data da rashin wuta sun isa su hana shi.

Saboda haka muke cewa a koya mana faci, amma faci na gwani. Ƙa'idarsa uku ce. Ta farko, kada a taɓa hedar asali, domin dukan shirye-shiryen da za a fassara a na'urar sun dogara da ita. A yi gyara a cikin namu fayil. Ta biyu, a killace gyaran da sharaɗin #if, yadda zai yi aiki ga tafintan da ke da matsalar kaɗai. Ta uku, a rubuta dalilin gyaran a gefensa, domin wanda ya gaji aikin ya san ranar da zai warware ɗinkin. Facin da ba a san dalilinsa ba, gobe shi ne sabuwar ɓaraka.

Muna roƙon malamanmu, cikin ladabi, su ware darasi a kan karatun heda da fahimtar ƙorafin tafinta, su riƙa sa mu fassara shiri ɗaya da GCC da Clang mu ga inda suka rabu. Muna kuma kira ga ƙungiyar ɗalibai ta tanadi tafintoci da littattafan bayaninsu a faifai, kowa ya kwafa kafin ya tafi gida, tun da an ce da tsohuwar zuma ake magani. Mu kuma ɗalibai, mu daina gudun jan rubutu, mu tsaya mu karanta abin da na'ura take faɗi, domin yawanci ta ambaci sunan fayil da lambar layi.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa mu amfana da abin da muka koya, amin.