Gani Ya Kori Ji: A Nuna Mana Tsarin Kafin Katafila Ta Iso

Kwanakin baya an gayyace ni wani zaman sasantawa a Adjamé. 'Yan kasuwa bakwai ne suka haɗa kuɗi suka kama hayar magaza ɗaya: mai albasa, mai atamfa, mai kayan mota, da masu takalma. Tun bayan azahar ake magana har aka kira la'asar, ba a tsayar da komai ba. Kowa ya ce kayansa ne ya kamata su zauna kusa da ƙofa. Mai albasa ya ce in babu iska kayansa ruɓewa za su yi, mai atamfa ya ce shi kuma wari zai kama masa kaya.

Sai wani yaro, ɗan ɗaya daga cikinsu, da ke gefe yana zuba shayi, ya ce: "Baba, in kun yarda in nuna muku wani abu." Ya zagaya ɗakin da wayar salularsa, ta auna bango da ƙasa. Sannan ya riƙa ajiye hotunan akwatuna da buhuna cikin ɗakin, kowane mutum da launinsa. In ka duba da idonka, magaza wayam take. In ka duba ta gilashin wayar, ga kaya jere har rufi. Dattawa suka miƙe, waya na yawo hannu zuwa hannu. Nan take aka ga cewa in aka bi shawarar farko, ko baro ba zai samu hanyar wucewa ba. Mai albasa da kansa ya ce, "Kai, wannan wuri ba nawa ba ne," aka mayar masa da kuɗinsa ba tare da wani tashin hankali ba. Kafin magariba an gama.

Wani Alhaji a cikinsu bai sakankance ba. Ya aika aka kawo tef na awo, ya sake auna wata kusurwa, ya tarar wayar ta yi kuskuren 'yan santimita. Ya yi dariya ya ce wa yaron, "Ɗana, na'urarka ta iya nuni, amma awo sai an bi bayanta." Ni a wurina su biyun duka suna da gaskiya, kuma a kan wannan ne nake so mu tattauna yau.

Abin da yaron ya yi amfani da shi, shi ne fasahar ɗora hoto a kan zahiri, wadda masu jin Faransanci ke kira réalité augmentée. Kamara tana kallon wurin da kake, na'ura tana lissafa nisa da faɗi, sai ta ɗora zane a kan abin da idonka ke gani, zanen ya zauna daram kamar da gaske. In ka matsa kusa ya ƙara girma, in ka zagaya ka ga bayansa. Babbar yayarta ita ce abin da ake kira aikin kwamfuta a sarari: mutum ya sa wani tabarau mai kamara, ɗakin gaba ɗaya ya zame masa allo. Ya liƙa wannan shawara a bangon gabas, waccan a bangon yamma, ya jawo su da hannu ya haɗa masu kama da juna, abokin aikinsa da ke wata ƙasa yana gani yana gyarawa.

Abin ba na jiya ba ne. Tun 1968 wani masani a Amurka, Ivan Sutherland, ya ƙera na'urar farko irin wannan da ake ɗorawa a ka, mai nauyin da sai da aka rataye ta daga rufin ɗaki. A farkon shekarun 1990 injiniyoyin kamfanin jiragen sama na Boeing suka gwada ta don nuna wa ma'aikata inda kowace waya za ta bi. A 2016 wasan Pokémon Go ya kai ta cikin wayoyin miliyoyin mutane. A watan Fabrairun 2024 kamfanin Apple ya fitar da tabaransa Vision Pro kan dala 3,499, wato kusan sefa miliyan 2. Mafi ƙarancin albashi a Kwaddibuwa tun Janairun 2023 jika 75 ne a wata. Ke nan ma'aikaci zai yi shekara biyu bai ci ba bai sha ba, bai kai kuɗin tabarau ɗaya ba. Su kansu manyan kamfanonin ba su gama gano kan kasuwar ba: Microsoft ya daina ƙera nasa, HoloLens 2, a 2024. Don haka kada wani ya ce na zo tallan tabarau. Wayar da ke aljihun ɗanka ta isa abin da nake magana a kai.

Kuma tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Mu mutanen zane a ƙasa ne. Dillalin shanu in zai raba garke, tsakuwa yake jerawa. Mai lodin kamiyo a tasha yana kallon kaya sau ɗaya ya san wanda zai shiga ƙasa da wanda zai hau sama. Malamanmu suna karantar da mu hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud a cikin Bukhari, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zana murabba'i da layi don ya bayyana wa sahabbai ɗan Adam da ajalinsa da burinsa. Bayani da zane tsohon abu ne a wurinmu. Sabon abu kawai shi ne yanzu zanen yana iya tsayawa a tsaye, da girmansa na gaskiya, a daidai wurin da ake magana a kansa.

To, me ya haɗa wannan da tashar jiragen ruwa ta Abijan? Abubuwa da yawa. Rayuwar yawancinmu a garin nan da wannan tasha take ɗaure. An buɗe mashigin Vridi a 1950, aka ƙaddamar da tashar a 1951, daga nan Abijan ta zama Abijan. Ta nan kayan Mali da Burkina Faso da wani ɓangare na kayan Nijar ke bi. A Fabrairun 2019 aka kammala faɗaɗa mashigin da ƙara masa zurfi, a Disambar 2022 aka buɗe tashar kontena ta biyu, manyan jiragen da a da ba sa iya shigowa suka fara shigowa. Atamfar da ke Adjamé, da kayan motar, da wayoyin da ake sayarwa a Black Market, galibi ta can suka biyo. Hatta garba, abincin da ya ɗauki sunanmu kuma 'yan uwanmu 'yan Nijar suka yi suna wajen sayar da shi, kifin tuna da ake soyawa a ci da aceke daga tashar kamun kifi ta nan yake fitowa. In aka sauya ƙofa ɗaya ko aka karkatar da hanyar manyan motoci a Treichville, mai dako da mai shayi da direba da mai garba duk sai sun ji a jikinsu.

Manyan ayyuka irin waɗannan a yau a kwamfuta ake zana su, da tsayi da faɗi da zurfi, tun kafin a haƙa rami ɗaya. Tashar Rotterdam ta ƙasar Holan ta sanar tun 2018 cewa tana aiki da kamfanin IBM don gina kwafin tashar gaba ɗaya a kwamfuta, a riƙa gwada shawara a can kafin a aiwatar a kan ruwa. Injiniya da mai zuba jari suna ganin gobe tun yau. Su zauna cikin sanyin ofis, su ɗaga wannan gini su ajiye can, su goge wancan layi, in bai yi ba su mayar. Mu kuma da abin zai faɗo a kanmu, sau da yawa takarda ce ake liƙawa cikin Faransanci mai wuya, ko jan fenti a bango.

Ba mu manta da 2024 ba. A farkon shekarar aka rushe gidaje a Gesco da Boribana. A watan Yuni aka tashi masu dabbobi daga wajen mahautar Port-Bouët. A watan Yuli aka shiga ƙauyen Adjamé saboda faɗaɗa hanyar gada ta huɗu. Hukuma ta bayar da dalilanta: haɗarin ambaliya da zaftarewar ƙasa, tsabtar gari, da buƙatar hanya. Wasu daga cikin dalilan nan mai hankali ba zai musa ba, don mun sha binne mutanen da ruwan damina ya ci. Amma tsakanin wanda aka nuna wa ya gani ya shirya, da wanda ya farka ya ga katafila a ƙofar gida, akwai tazara mai yawa. Ga kuma aikin jirgin ƙasa na cikin gari, mai tsawon kilomita 37 daga Anyama zuwa Port-Bouët, wanda zai ratsa Adjamé da Treichville. Sauye-sauye ba su ƙare ba.

Matsayina ke nan: amfanin wannan fasaha mafi girma a wurinmu shi ne ta shigar da wanda bai iya karanta taswira ba cikin shawara. Tsohon da bai shiga lakwal ba ba zai gane zanen injiniya a takarda ba. Amma ka tsayar da shi a bakin rumfarsa, ka miƙa masa waya ya ga inda sabon titi zai bi, wallahi zai faɗa maka abin da injiniya bai sani ba: inda ruwa ke taruwa a watan Yuni, inda 'yan makaranta ke tsallakawa, inda sahun Juma'a ke kaiwa in masallaci ya cika. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai dai akwai abin tsoro, kuma dole in faɗe shi. Hoto mai kyau yana rufe baki. In aka nuna maka titi mai sheƙi da itatuwa, sai ka ji kunyar tambaya ina rumfarka take. Wanda ya zana hoton shi ke zaɓen abin da zai bayyana. Mai turin baro ba ya cikin rajista, mai tsire ba shi da lambar shago, don haka a cikin kwafin kwamfuta wurinsu fili ne fetal, ana iya ɗora komai a kai. Wanda ba ya cikin zane, gogewa ma ba a buƙatar yi masa. Na biyu, kamarar da ke auna magazarka tana ganin abin da ke cikinta, kuma manhajoji da yawa suna tura bayanai zuwa waje. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2013, ya kamata 'yan kasuwarmu su san da ita, su kuma tambayi yaransu ina hoton yake tafiya. Na uku, darasin Alhaji mai tef: kada a sa hannu a takardar haya ko ta diyya bisa awon waya kaɗai.

Saboda haka muna kira ga hukumar tashar jiragen ruwa, da hukumar gundumar Abijan, da ma'aikatun magajin gari na Adjamé da Treichville: duk aikin da zai taɓa wurin zaman mutane ko wurin neman abincinsu, a fito da zanensa fili tun yana shawara, lokacin da gyara ke yiwuwa. A kawo shi kasuwa da tasha da harabar masallaci, a waya ko a babban allo, da mai fassara cikin Hausa da Jula da sauran harsunan da ake ji a wurin. Zanen yana nan a kwamfutar injiniya, kuɗin nuna shi bai kai kuɗin rikici ɗaya ba.

Mu ma akwai namu aikin. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su daina jiran sai an zo da zanen wani. Mu zana namu. A sa matasa su zagaya su auna, su rubuta rumfa nawa ce a layi kaza, mutum nawa ke ci daga cikinta, tun yaushe take wurin. In aka kira taro, wakilinmu ya shiga da taswira a hannu, ya ce ga mu nan, ga inda muke, ga abin da muke ba da shawara. Mai kuka kawai ana ba shi haƙuri a sallame shi, amma mai zane a hannu dole a zauna da shi. Ko kontena ce aka haɗa kuɗi za a cika daga Guangzhou ko Dubai, a jera kayan kowa a hoto a gani tun kafin a biya, rigimar "an danne mini wuri" ta ragu.

Ga dattawa kuma, da girmamawa: yaron da ke zuba shayi a gefe, a riƙa ba shi dama ya yi magana. Ga matasa: ku je da ladabi, ku sani wayarku ba ta san inda ruwa ke kwanciya ba, Baba ne ya sani.

Magazar nan ta Adjamé tana aiki yanzu, mutum shida a ciki, baro na wucewa ba ya taɓa kayan kowa. Allah ya sa a riƙa nuna mana kafin a yanke, ya ba mu ikon gani da idon basira, ya zaunar da ƙasar nan lafiya.